Marubuci, kada guminka ya zama na banza

Marubuta da yawa kan tura cikakken littafinsu ta WhatsApp ga duk wanda ya biya. Kafin wayewar gari ya bazu kyauta, wani ma ya karanta shi a YouTube yana kwasar kuɗin talla.

Riƙa sakin littafinka kashi-kashi, da sunanka a kowane shafi. Adana rubutun farko mai kwanan wata, shi ne shaidarka. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba dole ba ce, amma tana ƙarfafa hujja. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba ka damar neman a sauke abin da aka sace daga intanet, kada ka ji nauyin kai ƙorafi.

Mai karatu kuma, in an turo maka na sata, kada ka tura gaba.