Amsoshin Tambayoyinku: Raguwar Darajar Kadarorin da Ba Sa Haƙo Ma'adinai

Wani mai sauraro daga Arlit a Jamhuriyar Nijar ya nemi sanin yadda kamfanin haƙar ma'adinai ke lissafa raguwar darajar ofisoshi, gidajen ma'aikata da motocin hidima, tun da ba su ne ke fito da ma'adinin daga ƙasa ba.

Raguwar daraja ita ce rarraba kuɗin da aka sayi kadara a kan shekarun da za ta yi amfani, kuma ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IAS 16 ta tanadi a zaɓi hanyar da ta dace da yadda ake cin moriyar kadarar. Injinan haƙa galibi ana auna nasu ne da yawan abin da aka tono, amma ofis ko mota tsufa suke yi ko ana haƙa ko ba a yi, saboda haka ake raba kuɗinsu daidai wa daida. Motar da aka saya sefa miliyan 20, wadda za ta yi shekara 5 ba tare da ragowar daraja ba, ana cire mata miliyan 4 kowace shekara.

Sai dai gidajen da aka gina domin mahaƙa kaɗai bai kamata a ba su wa'adin da ya zarce na mahaƙar ma'adinin ba, kamar yadda rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a 2021 ya nuna. Yin sakaci a nan yakan kumbura riba a takarda, ya yaudari masu hannun jari.