Godiya Aiki Ce: Darasi Daga Fadamar Haɗejiya

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, darasinmu na wannan mako a kan godiya ne, da irin amfanin da take yi wa zuciyar da damuwa ta kama. Za mu kafa misali da mutanen fadamar Haɗejiya, domin ba kasafai ake samun jama'ar da ni'ima da jarrabawa ke zo musu ta ƙofa ɗaya kamar su ba.

Kogin Haɗejiya shi ne abincin Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, har zuwa Nguru. Da ruwansa ake noma shinkafa da alkama da kayan lambu, a cikinsa masunta ke jefa koma, a bakinsa Fulani ke shayar da shanu da rani. Amma tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, aka kuma ƙara ta Calawa cikin 1992, tafiyar ruwan ta sake. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, har ya zamana wani gari na kukan ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa na kukan bai iso ba. Ga ambaliya kuma, irin ta 2012 da 2018 da 2020 da 2022, wadda ta ci gonaki ta rushe ɗakuna. Manomin da ya ci bashin taki, ya kori jan-baki daga shinkafarsa wata guda, sa'an nan ruwa ya shafe ta saura kwana kaɗan a yanka, ba dukiya kaɗai ya rasa ba. Barci na ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, faɗa da iyali ya yawaita, wani ma ya daina zama a majalisa.

Mu fara kawar da wani kuskure. Akwai masu gaya wa irin wannan mutum cewa baƙin cikinsa alamar raunin imani ne. Wannan magana ba ta da tushe. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, alhali kuwa Annabi ne. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abin da addini ya hana shi ne fid da tsammani daga rahamar Allah da furta abin da ke nuna fushi da hukuncinsa. Jin zafi kuwa halin ɗan Adam ne.

To, mene ne magani? A Amurka akwai wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam mai suna Martin Seligman, na Jami'ar Fensilbaniya. Cikin 1998, da ya zama shugaban ƙungiyar masu wannan ilmi ta ƙasarsu, sai ya ce sun daɗe suna nazarin abin da ke lalata zuciya, sun bar abin da ke gyara ta. Cikin 2005 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji. Sun sa wasu mutane kowane dare, har mako guda, su rubuta abu uku masu kyau da suka same su a ranar, tare da dalilin faruwar kowanne. Bayan wata shida aka tarar waɗannan mutane sun fi natsuwa, damuwarsu ta ragu, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu. Wasu kuma aka sa su rubuta takardar godiya ga wani da ya taɓa yi musu alheri ba su gode masa yadda ya kamata ba, su kai masa da kansu. Waɗannan farin cikinsu ya fi na kowa tashi nan take, sai dai bai wuce kamar wata guda ba ya sauka. Kafin wannan, cikin 2003, wasu malamai biyu, Robert Emmons da Michael McCullough, sun raba ɗalibai kashi uku har mako goma: kashi ɗaya na rubuta ni'imomi biyar kowane mako, kashi ɗaya abubuwan ɓacin rai biyar, kashi na uku kuwa duk abin da ya faru. Masu ƙidayar ni'ima suka fi sauran kyakkyawan zato ga rayuwarsu, suka kuma fi ƙarancin kukan ciwon jiki.

Ba mun kawo waɗannan don su gaskata mana addini ba ne, domin addini bai jira shaidar kowa ba. Mun kawo su ne saboda sun tuna mana wani abu da muka yi sakaci da shi, watau godiya aiki ce da ake yi daki-daki. Bahaushe ba ya rabuwa da kalmar godiya. Ka tambaye shi ina gajiya, ina aiki, yaya ruwa, amsarsa da godiya, ko da kuwa zuciyarsa na tafasa. Kalmar ta zama gaisuwa, baki na faɗi, zuciya ba ta ji. Abin da gwajin nan ya nuna shi ne, amfani na zuwa ne idan mutum ya tsaya ya ambaci ni'imar da sunanta, ya kuma tambayi kansa ta ina ta zo.

Dubi Suratul Duha. Ta sauka ne lokacin da wahayi ya yi jinkiri, Manzon Allah ya shiga damuwa, mushirikai na yi masa gori. Bayan Ubangiji ya tabbatar masa bai rabu da shi ba, sai ya ƙidaya masa ni'imomi uku ɗaya bayan ɗaya: maraici da aka ba shi mafaka a cikinsa, shiriya da aka yi masa, da wadata bayan rashi. Daga nan ya ɗora masa ayyuka uku: kyautata wa maraya, rashin tsawa ga mai roƙo, da ba da labarin ni'ima. Mai karatu ya lura da wannan jeri da kyau. An fara da tuna alherin da ya wuce, aka ƙare da yi wa wani alheri. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya raba godiya gida uku a kan wannan hanya: sanin ni'ima da Mai ba da ita, farin cikin da sanin ke haifarwa, da aikin da farin cikin ke sa a yi. Wanda ya tsaya a furuci bai shiga ko gidan farko ba.

Malamanmu na da ma sun yi rubutu a kan wannan fanni tun kafin a san Amurka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, a kan kula da jiki da rai tare. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda mai hankali ke ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo. Manomin fadama ya fi kowa gane wannan, domin ba ranar da ruwa ya iso bakin gari ake fara jinga ba.

Ga yadda za a yi. Bayan sallar Lisha, kafin a kwanta, mutum ya ambaci abu uku na wannan yini, ba na bara ba. Mai boko ya rubuta da boko, mai ajami da ajami, wanda ba ya rubutu ya ƙirga da yatsu. Kada ya ce lafiya da zaman lafiya ya wuce, wannan jimla ce. Ya ce: zazzaɓin yarinya ya sauka yau, saboda maƙwabci ya kai mu asibiti a babur ɗinsa. Ya ce: an samu kifin da ya isa miya. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa aminci a gida da lafiyar jiki da abincin yini guda daidai suke da mallakar duniya, kuma su ma uku ne, kowa na iya dubawa ko ya samu. Mai gida ya yi wannan tare da iyalinsa in ya yiwu. Mata su ne ke kwana da jarirai a ajin makaranta idan ɗaki ya faɗi, su ne ke neman busasshen itace a cikin laka, amma ba a cika tambayarsu yadda zukatansu suke ba.

Sai godiya ga mutane, wadda hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ɗaure ta da godiya ga Allah. Lokacin ambaliyar 2020 da ta 2022 samarin Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa. Wani ya ɗauki tsohuwar wani a kwale-kwale, wani ya ba da zaurensa, wani ya yi haƙuri da bashinsa har kaka ta gaba. Nawa ne daga cikinmu suka taka ƙafa suka je suka ce wa irin wannan mutum, ranar kaza ka yi mini kaza, ban manta ba? Kunya ce ke hana mu, muna ganin ai ya sani. Tun da an ga daɗin wannan ziyara ba ya daɗewa, sai a riƙa maimaita ta, kamar yadda ake maimaita zumunci.

Amma fa godiya na da iyaka biyu da ya wajaba a faɗa. Ta farko, ba ta maye gurbin likita. Cikin 2020 wasu masana a Jami'ar Jihar Ohayo sun tattara gwaje-gwaje 27 na irin wannan, suka ga taimakon da ƙidayar ni'ima ke yi wa mai ciwon damuwa na sosai kaɗan ne. Al-Balkhi ma ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum ba dalili ya hana shi komai, ya ce na biyun daga jiki yake, yana bukatar magani. Saboda haka wanda ya wuce mako biyu ba ya barci, ba ya ci, ba ya iya aiki, ko ya fara zancen ya gaji da duniya, a yi masa addu'a a kuma kai shi babban asibitin Haɗejiya, ko asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano. Kai shi ba tona asirinsa ba ne.

Ta biyu, kada mai iko ya mai da godiya abin rufe bakin talaka. Idan mutanen ƙauye suka ce a yashe musu kogi, a cire kacalla, a gargaɗe su kafin a saki ruwan madatsa, ba butulci suka yi ba, hakkinsu suka nema. Hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya umarci mutum ya dubi na ƙasa da shi a sha'anin duniya, mutum ke gaya wa kansa shi domin kada ya raina abin da Allah ya ba shi. Ba a ba wa wanda ke zaune a ofis ba don ya karanta wa mai rusasshen ɗaki.