Sola A Kan Sabon Rufi: Yadda Waya Ke Gano Yoyo Kafin Damina

A Katsina, sabon rufin kwano na iya fara yoyo daga hujin da aka yi wajen kafa sola. Zafin Afrilu yana busar da robar kan kusa, iskar farkon damina kuma ta sassauta kwanon.

Tun watan Mayu, mai gida ya ɗaure wayarsa a doguwar sanda, ya kunna bidiyo, ya duba kusoshi da indararo ba tare da ya taka kwano ba. Da rana tsaka ya leƙa cikin silin: duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai bi. Sai ya tura wa kafinta hoton ta WhatsApp, a toshe kafin ruwan Agusta ya jiƙa wayoyin wuta.