Matafiyi da Abincin 'Yan Sin a Khartum

'Yan'uwa ɗalibai, kafin 2023, wanda Allah ya kai Sudan karatu, abinci ba ya yi masa wuya. A kasuwar Omdurman ga ful, ga kisira, ga agashe, naman da Hausawan can suke gasawa. Sunan ma namu ne. Wurin lura shi ne gidajen abincin 'yan Sin, irin waɗanda aikin man fetur ya jawo Khartum a shekarun 1990. A girkinsu na gida akan sa naman alade, akan zuba giyar shinkafa a miya. To kafin mu ce a kawo, mu tambaya: naman mene ne, wa ya yanka, me aka zuba? In amsar ba ta gamsar ba, mu tsallaka gada mu nemi mai agashe.