Darasin Kiwo: Ragowar Maganin Ƙiba Cikin Nama

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa sukan turke shanu da raguna bayan kaka domin kasuwar Kirsimeti da ta Salla. Mai turka kuwa ba abin da yake so kamar dabbarsa ta cika da wuri. Saboda haka ran kasuwa ba a rasa mai tallan allura ko ƙwaya wadda ya ce tana sa ƙiba cikin 'yan kwanaki. Darasin nan zai nuna mana irin wannan magani, da abin da ya faru a ƙasashen da suka riga mu yin aiki da shi, da kuma abin da ya kamata ƙungiya ta yi. A karanta shi a taro, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Mene ne homon?

Jikin mutum da na dabba yana yin waɗansu sinadarai 'yan kaɗan waɗanda jini yake kaiwa ko'ina kamar 'yan aike. Sunansu homon. Su ne suke sa yaro ya balaga, saniya ta nemi barbara, nono ya kawo. Mun san aikinsu tun ba mu san sunansu ba. In aka dandaƙe ɗan bijimi, wuyansa ba ya kauri kamar na ɗan'uwansa da aka bari, faɗansa kuma yakan ragu, gama an kashe wurin da homon ɗin namiji yake fitowa.

Abu biyu za mu riƙe. Na fari, homon yana aiki ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Na biyu, na saniya da na mutum kusan iri ɗaya ne. Wanda ya motsa jikin sa yana iya motsa jikin mai cin namansa, in ya kai yawan da zai yi aiki.

Magani ba ya fita daga jikin dabba ran da aka ba ta. Hanta da ƙoda suke tace shi a hankali, ya fita ta fitsari da kashi da nono. In aka yanka ta kafin ya gama fita, abin da ya rage shi ake kira ragowar magani. Ya fi taruwa a hanta, da ƙoda, da kitse, da gurbin da aka soka allura. Ba a ganinsa, ba a jin ƙanshinsa, dahuwa da gashi kuma ba abin dogara ba ne wajen kashe shi.

2. Labarin DES a Amurka

A shekarar 1938 wani masani a Landan, Charles Dodds, da abokan aikinsa suka haɗa wani magani mai aiki irin na homon ɗin mace. Ana kiransa DES. Yana da araha, yana da ƙarfi. A 1947 Amurka ta yarda a riƙa cusa ƙwayarsa a wuyan kaji, a 1954 kuma ta yarda a zuba shi cikin abincin shanu. Shanu suka riƙa girma da sauri da abinci kaɗan, makiyaya suka karɓe shi hannu bibbiyu. A 1959 aka hana shi ga kaji, domin an sami ragowarsa cikin jikinsu bayan yanka. Shanu kuwa aka ci gaba da ba su.

A waɗannan shekaru likitoci suna ba mata masu ciki DES ɗin nan, a kan zaton yana hana ɓari. A 1971 wani likita a birnin Bostan, Arthur Herbst, da abokan aikinsa suka ba da labarin 'yan mata 8 masu wata irin sankara ta al'aura wadda ba safai ake ganinta ga masu ƙuruciya ba. Da aka bincika, 7 daga cikinsu iyayensu mata sun sha DES lokacin da suke ɗauke da cikinsu. Mu lura da kyau: sankarar nan daga maganin da iyayen suka sha ta zo, mai yawa ne kuma, ya fi abin da ke cikin nama nesa ba kusa ba. Duk da haka mutane suka ce abin da ke kawo sankara bai kamata a same shi cikin abinci ba ko kaɗan. Aka yi ta shari'a, sai a 1979 aka hana ba shanu DES gaba ɗaya.

Daga 1954 zuwa 1979 shekara 25 ke nan. Ɓarnar kuma ba ta nuna ga matan da suka sha ba tukuna, sai ga 'ya'yansu, bayan sun girma. Don haka in mai talla ya ce, "Ai mun daɗe muna yi, ba wanda ya mutu," maganarsa ba hujja ba ce.

3. Abin da ya faru a Turai

A 1980 aka sami DES cikin abincin jarirai a Italiya, wanda aka yi da naman maraƙi. Hankalin iyaye ya tashi. A Faransa masu saye suka ƙaurace wa naman maraƙi, kasuwarsa ta faɗi, mai laifi da marar laifi duka suka yi hasara. A 1981 ƙasashen Kasuwar Turai suka hana DES da danginsa. Daga baya suka hana duk wani homon na sa girma, kuma daga 1 ga Janairu 1989 suka hana shigo da naman shanun da aka ba shi.

Doka ba ta hana masu kwaɗayi yi a ɓoye ba. A Sifen, a 1990, mutum 135 suka kamu da rawar jiki da bugun zuciya da ciwon kai bayan sun ci hantar shanun da aka ba kilenbutarol. Shi ba homon ba ne, maganin numfashi ne da ake ba dawaki, amma don sa tsoka aka ba shanun. A Beljiyam kuwa, a 1995, aka harbe wani likitan dabbobi na gwamnati, Karel Van Noppen, wanda yake bin sawun masu wannan fatauci.

4. Gardamar da ba ta ƙare ba

Har yanzu Amurka da Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu sun yarda a yi aiki da homon ga shanun nama, bisa ga ƙa'ida. A Amurka iri shida ne. Uku irin na jiki ne: estaradiyol, da furojestaron, da testostaron. Uku kuma haɗin masana'anta ne: zeranol, da tirenbolon, da melenjestarol. Na ƙarshen cikin abinci ake zuba shi. Sauran ƙwaya ce ƙarama da ake cusawa ƙarƙashin fatar kunne, ta riƙa narkewa a hankali. Girman sa yakan ƙaru da misalin kashi 10 zuwa 20 cikin 100.

Masu yarda suna cewa abin da ke ragewa cikin nama kaɗan ne ainun in aka gwada da wanda jikin mutum yake yi da kansa kullum, kuma ƙwai da madara ma suna da nasu homon. Masanan Turai suka amsa a 1999 cewa estaradiyol yana iya haddasa sankara, kuma yaran da ba su balaga ba su ne abin ji, domin jikinsu bai fara yin homon mai yawa ba. Gardamar ta kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A 1998 ta yanke cewa Turai ba ta kafa dokarta a kan cikakken bincike ba, a 1999 kuma Amurka ta ɗora haraji mai nauyi a kan waɗansu kayan Turai. Turai ba ta janye ba. A 2009 suka daidaita a kan Amurka ta riƙa kai naman shanun da ba a ba homon ba.

Ba mu ne za mu raba wannan gardama ba. Amma akwai wurin da bakinsu ya zo ɗaya. Har masu yarda ma sun kafa sharuɗɗa: maganin da hukuma ta gwada, gwargwadon da ta faɗa, a kunne kaɗai, a jefar da kunnen ran yanka, a kuma riƙa ɗiban nama a mayanka ana aunawa. Ba wanda ya ce a soka wa dabba abin da aka ga dama.

5. Mu fa, ina muka tsaya?

Mu gwada waɗannan sharuɗɗa da halinmu. A wurinmu ba a jefar da kunne. Kai da ƙafa farfesu ake yi da su, fata ta zama ganda. Hanta da ƙoda, inda ragowar magani ta fi taruwa, su muke ɗebe wa yara da maijego da mai jinya. Ragon da aka saya yau gobe ake yanka shi, a ƙofar gida ko a kwatar ƙauye, ba mai auna namansa. Mai saye ba shi da abin dogara sai gaskiyar mai turka.

Abin da aka fi samu a kasuwanninmu da sunan maganin ƙiba ba ƙwayar kunne ba ce. Allurai ne da ƙwayoyi, waɗansu ma na mutane ne. Ɗaya da ya kamata mu sani shi ne deksametazon. Dangin wani homon ne na jiki, kuma magani ne na ƙwarai a hannun likita, don kumburi da makamantansa. In aka yi ta ba dabba, takan ƙara ci da sha, jikinta ya yi luhu-luhu kamar ƙiba. Amma yana raunana ƙarfin jiki na yaƙi da cuta, har ciwon da ke kwance ya tashi. Yana kuma sa saniya ko tunkiya mai tsohon ciki ta yi ɓari ko ta haihu kafin lokaci. A Bangaladash hukuma ta sha kokawa da masu ba shanu shi gabannin Babbar Salla. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Kada wannan darasi ya sa mu guji rigakafi. Allurar rigakafi irin wadda ake yi a Vom, kusa da Jos, aikinta hana cuta, ba ta cikin maganin ƙiba. Haka kuma zancen da ake yi cewa duk kajin gidan gona allurar homon ke sa su girma, ba haka yake ba. Zaɓen iri na shekaru masu yawa da abinci mai kyau ne suke sa su kai yanka cikin mako 6 zuwa 8. A Amurka ma doka ba ta yarda a ba kaji homon ba. Abin lura ga kaji shi ne magungunan cuta da ake zuba musu cikin ruwa har zuwa ran sayarwa.

6. Kwanakin jira

Maganin dabba na kirki yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalba ko takardarsa, watau kwanakin da za a ƙirga daga ran da aka ba ta na ƙarshe kafin a yanka ta ko a sha nononta. Misali, allurar oksitetarasaikilin mai daɗewa a jiki, da yawa sukan ce kwana 21 ko 28 kafin yanka, waɗansu ma fiye. In za a kai sa kasuwa ran 20 ga Disamba, maganinsa kuwa na kwana 28 ne, to allurar ƙarshe kada ta wuce 22 ga Nuwamba. In ciwo ya tilasta a yi masa bayan haka, sai a ɗaga sayarwa.

7. Abin da ƙungiya za ta yi

(a) Kada a ba dabba mai lafiya magani don ƙiba kawai.

(b) Kada a sayi magani marar suna, ko wanda aka juye cikin wata kwalba. A Nijeriya a duba lambar rajista ta hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

(c) Allura sai da shawarar likitan dabbobi ko malamin dabbobi.

(d) Magatakarda ya buɗe littafi: sunan mai dabba, kamannin dabbar, sunan magani, ranar da aka ba ta, da ranar da jira zai cika.

(e) Dabbar da ke cikin kwanakin jira a ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, domin kowa a gida ya sani, kada a sayar da ita ko a kai nononta kasuwa.

(f) In mai ita ya matsu da kuɗin makaranta ko na asibiti, asusun ƙungiya ya ba shi rance har kwanakin su cika. Yawancin masu sayar da dabba da magani a jikinta matsuwa ce ke sa su, dokar da ba ta dubi wannan ba kuwa ba za ta daɗe ba.

8. Ƙiba ta gaskiya

A zaɓi dabba mai ƙashi, mai lafiya, ko da ta rame. Ran da ta shigo a ba ta maganin tsutsar ciki, a cire mata kaska, gama wannan ne lokacin da ya fi nisa da ran yanka. A tanadi harawar gyaɗa da ta wake tun kaka, a ajiye a inuwa kada ganyen ya kakkaɓe. A haɗa da dusa, da kowar wake, da angurya ko ƙuli-ƙuli, a fara da kaɗan ana ƙarawa don kada ciki ya ɓaci. Gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta, da rumfa, kada su yanke. Sa yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu. A ƙirga baya daga ran kasuwa a san ran da za a turke shi. Wanda ya makara da turka shi ne mai tallan allura yake samu. Takin da aka tara a turke kuma riba ce ta biyu ga gona.

Mahauci ya san gidan da namansa ke yin ruwa, ya kuma san gidan da ba ya jin tsoron saye. Ƙungiyar da ke da littafi tana iya buɗe masa shi ya gani da idonsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne sassa na dabba ne ragowar magani ta fi taruwa, su wa kuma suka fi cin su a gidajenmu?

2. Me ya sa aka daɗe ba a gane ɓarnar DES ba?

3. Cikin sharuɗɗan da masu yarda da homon suka kafa, wanne ne za mu iya cikawa a ƙauyenmu?

4. In ɗan ƙungiya ya sayar da sa kwana 5 bayan allura, me za mu yi masa, me kuma za mu gaya wa mahaucin?

Aikin gida: kowa ya zo taro mai zuwa da kwalabe da takardun magungunan dabbobi da ke gidansa. Za mu karanta kwanakin jira na kowanne tare, magatakarda ya rubuta su a shafin farko na littafin ƙungiya.