Tarihin Masana'antar Roba da Darasin da Ke Cikinsa ga 'Yan Kasuwa

Kalmar roba a bakin Bahaushe ta haɗa abu biyu: ƙaron itace da ake yin taya da shi, da kuma filastik wanda ake yin bokiti da buta da jarka da leda da shi. Wannan nazari ya shafi na biyun ne, wanda yawancinsa daga ɗanyen mai da iskar gas ake samo shi.

Masana'antar ta samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki. A shekarar 1862 wani Bature mai suna Alexander Parkes ya baje kolin roba ta farko a birnin Landan, sai dai kamfaninsa ya durƙushe saboda kayan ba su yi ƙarko ba. Bayansa John Wesley Hyatt na Amurka ya gyara haɗin lokacin da yake neman abin da zai maye gurbin hauren giwa. A shekarar 1907 kuma Leo Baekeland ya ƙirƙiro Bakelite, roba ta farko da aka haɗa kacokan daga sinadarai. Da yake wutar lantarki ba ta ratsa ta, nan da nan masu ƙera rediyo da wayar tarho suka rungume ta.

A shekarar 1933 masanan kamfanin ICI na Ingila suka gano sinadarin da ake yin leda da shi, sannan a 1935 kamfanin DuPont na Amurka ya samar da nailan. Yaƙin Duniya na Biyu ya ba masana'antar ƙarfi, domin an yi ƙarancin ƙarfe da siliki da ƙaron roba. Da aka gama yaƙin, masana'antun suka juya ga kayan amfanin gida. Binciken Karl Ziegler na Jamus da Giulio Natta na Italiya, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 1963, ya buɗe hanyar sarrafa roba mai ƙwari a farashi mai rahusa.

Alƙaluma sun nuna cewa a shekarar 1950 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 2 na roba. A shekarar 2019, in ji ƙungiyar OECD, adadin ya kai tan miliyan 460.

A Nijeriya, masana'antun Legas da na unguwannin Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano sun daɗe suna narka ƙwayoyin roba suna zubawa a cikin injin ƙira. Kayansu sun ture ƙwarya da tulu da tabarmar kaba daga gidaje da dama. Matsalarsu ita ce yawancin ƙwayoyin daga waje ake sayo su, saboda haka duk lokacin da mai ya yi tsada ko Naira ta faɗi, sai farashin bokiti ya tashi a kasuwa. Kamfanin sinadaran man fetur na Eleme a Jihar Ribas, wanda gwamnati ta sayar wa Indorama a 2006, ya rage wannan dogaro. Haka kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da ƙwayoyin roba a 2025.

Sai dai ƙarkon da ya ɗaukaka roba shi ne ya zame mata aibu, domin ba ta ruɓewa. Kashi 9 cikin ɗari kacal na shararta ake sake sarrafawa. Ƙasar Ruwanda ta hana amfani da leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, sannan Jihar Legas ta haramta robar zuba abinci mai kama da soso a 2024.

Darasin da ke nan ga mai zuba jari shi ne ya bambance kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, waɗanda doka ke ƙara matsawa, da kaya masu daɗewa irin su bututun ruwa da tankuna da kujeru. Har ila yau, tsofaffin robobin da 'yan bola jari ke tarawa sun zama kayan aiki masu daraja, domin da Naira ake sayensu, ba sai an nemi dala ba.