Darasi: In fitilar tsohuwar mota ta mutu, ina za a duba?

A ƙasar Ingila, a garin Abingdon, an ƙera wata ƙaramar motar gudu mai suna MGB. An fara ta a 1962, an daina a 1980. An yi fiye da 500.000. Har yau mutane na gyara ta suna hawa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu ita shi ne fitilun gaba. Kamfanin Lucas ne ya yi mata kayan wuta. Shi ne kuma ya yi wa tsohuwar Land Rover, wadda ta daɗe tana bin hanyoyin karkarar Nijar. Saboda haka wanda ya gane wutar ɗaya, ya gane ta ɗayar.

Mota marar fitila da dare hatsari ce. Direba ba ya ganin rami, ba ya ganin amalanke, ba ya ganin dabba. Mutane da yawa kuwa, da fitila ta mutu, sai su sayi sabon ampul. Sau da yawa ampul lafiyarsa lau. Laifin yana ga waya.

Yadda wuta take tafiya

Wuta tana fita daga batir, ta bi waya zuwa makunni, ta wuce ampul. Daga nan dole ta koma batir. Hanyar komawarta ita ce ƙarfen jikin mota. Makanikai suna kiran wannan hanya mas. In hanyar zuwa ta yanke, babu haske. In hanyar komawa ta yanke, nan ma babu haske.

Launin wayoyi

A motocin Ingila na da, kowace waya da launinta:

1. Mai ruwan ƙasa: daga batir zuwa makunni. Kullum da wuta cikinta, ko an zare makulli.
2. Shuɗiya: daga makunni zuwa abin sauya haske.
3. Shuɗiya mai jan zane: hasken kusa, wanda direbobi ke ce wa kod.
4. Shuɗiya mai farin zane: hasken nesa, watau far.
5. Baƙa: ita ce mas.

Motocin Faransa ba su bin wannan launi.

Kayan bincike

Ba sai na'ura mai tsada ba. A samu ƙaramin ampul na bolt 12, a haɗa masa waya biyu. A ɗora waya ɗaya bisa ƙarfen mota mai tsabta. Da ɗayar a taɓa wurin da ake tuhuma. In ampul ya kama, wuta ta iso nan. In bai kama ba, ta tsaya a baya. Sai a bi waya sannu sannu, mahaɗi bayan mahaɗi. Laifin yana tsakanin wurin da ya kama da wurin da bai kama ba.

Alamomi da ma'anarsu

Fitila ɗaya ta mutu, ɗayar tana aiki: a sauya musu wuri. In mutuwar ta bi ampul, shi ne ya ƙone. In ta tsaya a gefen da take, waya ce ko mahaɗi.

Kod yana aiki, far ya mutu a duka biyu: da wuya ampul biyu su ƙone lokaci guda. A duba abin sauya haske. A MGB na farko yana ƙasa, ana taka shi da ƙafa. A na baya yana jikin sitiyari. A duba kuma wurin da waya ta rabu biyu, a gaban mota.

Babu kod, babu far: a duba makunni da waya mai ruwan ƙasa.

Fitila ɗaya tana haske ja-ja kamar aci-balbal: wannan mas ne. A bi baƙar waya har inda aka ɗaure ta da ƙarfe. Za a tarar da tsatsa.

Haske yana ɗaukewa yana dawowa bisa hanya mai gargada: mahaɗi ne ya saki.

Maganin tsatsa

A tsohuwar mota, ruwa da ƙura suna shiga mahaɗan waya. Ƙarfen ya yi kore, wuta ta kasa wucewa. A zare mahaɗi, a goge shi har ya yi ƙyalli. A shafa ɗan basilin, a maida, a matse. Wanda ya ruɓe, a sake sabo. Kada a murɗe waya biyu da hannu a naɗe da leda.

Hattara da gobara

A MGB, masana'anta ba ta sa wa fitilun gaba fizibil ba. In waya ta ɓare ta taɓa ƙarfe, ba abin da zai yanke wuta. Waya ta yi zafi, roba ta narke, mota ta kama. Shi ya sa masu gyara ta a yau suke ƙara mata fizibil.

Kafin a yanke waya ko a kwance makunni, a cire kan batir. A MGB batir yana bayan kujeru. Kafin 1974 guda biyu ne, kowane bolt 6. A motocin da aka yi kafin ƙarshen 1967, kan batir mai alamar + ne ake haɗawa da ƙarfen mota. A na baya, mai alamar – ne. A duba da kyau kafin a maida.

Lissafi

Ampul ɗaya na far yana cin wat 60. Biyu: 60 + 60 = 120. A raba da bolt 12: 120 ÷ 12 = 10. Ke nan amfer 10 ke bi ta makunni. Siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan kaya.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya wuta take komawa batir?
2. Fitila ɗaya tana haske ja-ja. Wace waya za a bi?
3. Me ya sa ake cire kan batir kafin a fara aiki?
4. Hasken kusa yana cin wat 55. Wat nawa ampul biyu suke ci?